Watanni Goma Sha Ɗaya na Bitcoin a Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya

A ranar 27 ga Afrilun 2022 fadar shugaban ƙasa da ke Bangui ta sanar da cewa Shugaba Faustin-Archange Touadéra ya rattaba hannu a kan dokar da ta mayar da Bitcoin halastaccen kuɗin ƙasa, daidai da sefa. Majalisar dokoki ta riga ta amince da ita 'yan kwanaki kafin nan. Da haka Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya ta zama ƙasa ta farko a Afirka da ta ɗauki wannan mataki, ta biyu kuma a duniya bayan El Salvador. Shekara ba ta zagayo ba sai da majalisar ta warware abin da ta ƙulla. Abin da ya faru a tsakanin waɗannan watanni ya cancanci nazari, domin ya taɓo wata tsohuwar tambaya a tarihin kasuwanci: me ke sa abu ya zama kuɗi a hannun jama'a?

Ɗalibin Hausa yana da amsar farko a bakinsa, ko da bai lura ba. Kalmar "kuɗi" jam'in "wuri" ce. Wurin kuwa ƙwanson wata halittar ruwa ne da ake kwasowa daga tsibiran Maldibis na Tekun Indiya, ya ratso ƙasashe da hannuwa masu yawa kafin ya iso Kurmi. Ba a cin sa, ba a sha, amma lokacin da Heinrich Barth ya shiga Kano a 1851 ya tarar ana canjin dalar azurfa ɗaya a kan wuri 2,500. Darajarsa ta tsaya ne a kan abu biyu: mai karɓa ya tabbata na gaba da shi zai karɓa, sarauta kuma tana amsar haraji da shi. Da Turawa suka zo da sulallansu, sun sha wahala kafin su raba mutane da wuri, kuma abin da ya fi taimaka musu shi ne tilasta biyan haraji da sabon kuɗin. Doka tana da tasiri ke nan, amma sai an kawo kuɗin ya shiga hannun mutane tukuna.

Asalin Bitcoin

A ranar 31 ga Oktoban 2008, ana tsakiyar rikicin bankunan Amurka, wani mai amfani da sunan Satoshi Nakamoto ya fitar da gajeriyar takarda da ke bayyana tsarin kuɗin da mutum zai aika wa mutum ta intanet ba tare da banki ya shiga tsakani ba. Tsarin ya fara aiki a ranar 3 ga Janairun 2009. Har yau ba a tabbatar da ko wane ne Satoshi ba.

Ginshiƙin tsarin wani kundi ne na bai-ɗaya wanda dubban kwamfutoci a faɗin duniya ke riƙe da kwafinsa. Kimanin kowane minti goma ana ƙara masa sabon shafi mai ɗauke da cinikin da aka yi, kowane shafi kuma a sarƙe yake da na bayansa ta hanyar lissafi, ta yadda sauya tsohon shafi zai buƙaci a sake gina duk waɗanda suka biyo bayansa. Masu ƙara shafin su ne ake kira mahaƙa. Ba ƙasa suke tona ba. Injuna suke kunnawa dare da rana suna gasar cinko wata lamba, wanda ya riga cinkowa ya rubuta shafin ya karɓi lada. Ladan ya fara ne da Bitcoin 50, yana raguwa da rabi bayan kowane shafi 210,000, wato kusan shekara huɗu. A 2022 yana kan 6.25. Jimillar abin da za a taɓa samarwa ba za ta wuce miliyan 21 ba. Wannan iyaka ita ce abin alfaharin masoyansa, domin a ganinsu babu gwamnatin da za ta buga ƙari ta karya darajarsa. Sai dai rashin mai bugawa yana nufin rashin mai tsayar da farashi. A Mayun 2010 wani mutum a Amurka ya biya Bitcoin 10,000 ya sayi faifan fiza biyu. A Nuwambar 2021 guda ɗaya tak ya kusa dalar Amurka 69,000.

Ƙasar da kuɗinta ba nata kaɗai ba ne

Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, wadda Faransawa suka kira Ubangi-Shari, ta sami 'yancin kai a ranar 13 ga Agustan 1960. Tana iyaka da Chadi a arewa, Sudan da Sudan ta Kudu a gabas, Kwango biyu a kudu, da Kamaru a yamma. Faɗinta ya kai murabba'in kilomita 623,000, mutanenta kimanin miliyan biyar, kuma ba ta da gaɓar teku. Yawancin hajarta daga tashar jiragen ruwan Duwala take fitowa, ta bi mota ta Garoua-Boulaï da Bouar har Bangui. A kan wannan hanya da kuma kasuwar unguwar PK5 ta Bangui, fatake Musulmi, cikinsu har da Hausawa da Fulani da Larabawan Chadi, sun daɗe suna riƙe da kaso mai tsoka na ciniki, kafin rikicin da ya ɓarke a 2013 tsakanin Seleka da Anti-Balaka ya tarwatsa da yawansu.

Kuɗin ƙasar shi ne sefa, wanda Faransa ta ƙirƙiro a Disambar 1945. Tana tarayya a kansa da ƙasashe biyar: Kamaru, Chadi, Gabon, Kwango-Barazabil da Ikwatoriyal Gini. Babban bankinsu ɗaya ne, BEAC, mai hedikwata a Yawunde. An ɗaure sefa da yuro a kan farashin da ba ya motsi, sefa 655.957 ga yuro ɗaya, Baitulmalin Faransa ne ke lamunin canjin, a madadin haka kuma ana ajiye rabin kuɗin ajiyar waje na yankin a can. Amfanin tsarin shi ne farashin kaya bai cika tashin gwauron zabi ba. Aibinsa, a idon masu suka, shi ne ƙasa ba ta da ta cewa a kan kuɗinta. Dattawan yankin ba su manta da Janairun 1994 ba, lokacin da aka kwana aka tashi darajar sefa ta zube da rabi.

Zuwa 2022 dangantakar Bangui da Paris ta yi tsami. Tun 2018 sojojin hayar Rasha na Wagner suka shigo ƙasar suna tsaron gwamnati. A 2021 Faransa ta dakatar da tallafin kasafin kuɗi na yuro miliyan 10 tare da haɗin gwiwar soja, wasu masu ba da agaji ma suka ja baya. Gwamnatin da babban ɓangaren kasafinta daga waje yake zuwa ta wayi gari aljihu ya yi sauƙi, ba ta kuma da ikon buga ko sisi. Duk wanda ya karanta dokar Bitcoin ba tare da wannan yanayi a zuciyarsa ba zai ɗauka sha'awar fasaha ce kawai ta ɗebi shugaban. Akwai sha'awar, babu shakka: Touadéra malamin lissafi ne mai digirin digirgir, ya taɓa shugabantar Jami'ar Bangui kafin ya zama firaminista daga 2008 zuwa 2013, sannan shugaban ƙasa a 2016. Amma yunwar kuɗi da neman hanyar da ba ta bi ta Paris ba sun fi sha'awa nauyi a wannan lissafi.

Abin da dokar ta ce, da abin da maƙwabta suka ce

Dokar ta wajabta wa duk mai sayarwa ya karɓi kuɗin kirifto idan mai saye ya miƙa, ta halasta biyan haraji da shi, ta kuma yi alƙawarin cewa za a iya mayar da shi sefa nan take. A nan gizo ke saƙar. Wanda zai iya cika wannan alƙawari shi ne mai buga sefa, shi kuwa ba a shawarce shi ba. Kwanaki kaɗan bayan sanarwar, gwamnan BEAC na lokacin, Abbas Mahamat Tolli, ɗan ƙasar Chadi, ya rubuta wa ministan kuɗi Hervé Ndoba wasiƙa yana cewa dokar ta saɓa wa yarjejeniyar kuɗin bai-ɗaya, kuma tana barazana ga daidaiton yankin. A ranar 6 ga Mayu hukumar da ke sa ido a kan bankunan yankin, COBAC, ta haramta wa bankuna da ƙananan cibiyoyin lamuni da kamfanonin biyan kuɗi taɓa kirifto ta kowace fuska. Sakamakon ya zama abin mamaki: kuɗi halastacce a dokar ƙasa, amma babu bankin ƙasar da ke da izinin karɓarsa.

Asusun Ba da Lamuni na Duniya, wato IMF, ya nuna damuwa a kan gaskiyar hada-hada da tsarin doka. A cikin gida, tsohon firaminista Martin Ziguélé na ɓangaren adawa ya fassara dokar da cewa dabara ce ta ficewa daga sefa ta bayan gida. Ƙorafin BEAC kuwa ba kishin mulki kaɗai ba ne. Ajiyar kuɗin waje ta ƙasashen shida tukunya ɗaya ce. Idan aka buɗe ƙofar da sefa zai riƙa zama Bitcoin ya fice ba tare da bin ƙa'idar canji ba, asarar za ta shafi manomin auduga a Chadi da ɗan kasuwa a Marwa, waɗanda ba su zaɓi majalisar Bangui ba.

A kasuwa

Ko da BEAC ya yi shiru, da wuya dokar ta sauka daga takarda zuwa rumfa. A lokacin, kimanin mutum ɗaya cikin goma ne ke samun intanet a ƙasar, masu wutar lantarki ba su kai kashi 20 cikin ɗari ba, mafi yawansu kuma a Bangui suke, inda ɗauke wuta ya zama ruwan dare. Sai a 2023 aka ƙaddamar da layin intanet na ƙarƙashin ƙasa da ya haɗa ta da Kamaru da Kwango. Biyan kuɗi da Bitcoin yana buƙatar babbar waya, da caji, da data. Yana kuma buƙatar mai lalita ya adana wasu kalmomin sirri 12 ko 24, waɗanda galibi na Ingilishi ne. Idan suka ɓace dukiyar ta tafi ke nan, babu ofishin da za a kai kuka. A ƙasar da manyan da suka iya karatu da rubutu ba su kai kashi 40 cikin ɗari ba, wannan ba ƙaramin shinge ba ne. Tsarin aika kuɗi ta waya irin na Orange Money ya samu karɓuwa ne saboda yana aiki a kan ƙaramar waya, kuma akwai wakili a bakin titi da zai miƙa takardar sefa.

Sai kuma batun farashi, wanda ya zo wa gwamnatin a mummunan lokaci. A ƙarshen Afrilun 2022 Bitcoin yana wajen dala 39,000. A watan Mayu kuɗin kirifto na Terra ya rushe ya ja sauran ƙasa, zuwa tsakiyar Yuni Bitcoin ya faɗo ƙasa da dala 20,000, a Nuwamba kuma, bayan durƙushewar kasuwar FTX, ya sauko wajen 16,000. A ɗauka wani mai shago ya bi doka ya karɓi Bitcoin na sefa 100,000 a makon da aka sanar da ita, ya ajiye domin sarin kaya. Bayan mako bakwai abin da ke hannunsa bai fi na sefa 50,000 ba, alhali dillalinsa na Duwala da direban babbar mota da jami'in kwastan duk sefa suke jira. Mai ribar sefa ɗari biyu a kan kwalin sabulu ba shi da ƙarfin wannan caca.

El Salvador, wadda aka kwaikwaya, ta yi tanadin da Bangui ba ta yi ba. Da dokarta ta fara aiki a ranar 7 ga Satumbar 2021, gwamnatin Nayib Bukele ta fitar da manhajar Chivo, ta ba duk wanda ya yi rajista kyautar dala 30, ta girka injunan cirar kuɗi, ta ware asusun dala miliyan 150 domin canji. Duk da haka bincike ya nuna yawancin mutane sun kashe kyautar ne suka koma ga dala. Nijeriya kuma ta bi hanyar da ta saɓa wa duka biyun. A ranar 5 ga Fabrairun 2021 Babban Bankinta ya hana bankuna hulɗa da masu kirifto, amma ciniki tsakanin mutum da mutum ya ci gaba da bunƙasa, har a 2023 kamfanin Chainalysis ya sanya ƙasar ta biyu a duniya wajen amfani da shi, kuma a Disambar wannan shekara aka janye hanin. Dalilin a fili yake: naira tana faɗuwa, dala ta yi wuya, matasa suna da wayoyi, masu shigo da kaya kuma sun gano USDT, wanda aka ɗaure da dala. A can buƙata ce ta riga doka. Mai riƙe da sefa, wanda yuro ke tallafe da shi, ba ya jin irin wannan zafi da zai kora shi neman mafaka.

Haƙa ba wuta

An yi ta maganar cewa ƙasar za ta zama cibiyar haƙar Bitcoin. Haƙa kuwa ba komai ba ce illa mayar da wutar lantarki kuɗi. Wanda wutarsa ta fi araha shi ke cin riba. Shi ya sa da Sin ta kori mahaƙa a 2021 suka kwashe injunansu zuwa Amurka da Kazakistan. Babbar ma'aikatar haƙa guda ɗaya a jihar Texas tana jan ɗaruruwan megawat. Wutar Bangui kuwa ta dogara ne a kan tashoshin ruwa na Boali da ke kogin Mbali, waɗanda ƙarfinsu gaba ɗaya bai wuce 'yan gomomin megawat ba, bai ma ishi birnin ba. A Afirka inda haƙa ta yi tasiri, rarar wuta ce ta jawo ta: gandun dajin Virunga a gabashin Kwango-Kinshasa ya fara haƙa a 2020 da ragowar wutar tashoshinsa na ruwa, Habasha kuma ta jawo mahaƙa da wutar madatsunta. Injin haƙa a Bangui da sai ya ƙwace wutar asibiti ko ta unguwa.

Sango

Abin da ya biyo baya ya nuna waɗanda aka yi dokar dominsu. A ranar 3 ga Yulin 2022 Touadéra ya ƙaddamar da wani kuɗin kirifto na ƙasa mai suna Sango Coin. An aro sunan ne daga Sango, harshen da ya tashi daga Ngbandi ya bazu ta hanyar fatauci a kogin Ubangi har ya zama harshen kowa, kamar yadda Hausa ta bi ayari ta bazu a Yammacin Afirka. Sai dai tallan kuɗin ba da masu jin Sango yake magana ba. An fara sayarwa ranar 25 ga Yuli a kan santi 10 na dala kowane ɗaya, da burin sayar da miliyan 210 a zagayen farko, wato dala miliyan 21, kuma mafi ƙarancin abin da aka tsara da farko mutum zai zuba dala 500 ne, kuɗin da ya kai ko ya zarce abin da talakan ƙasar ke samu a shekara.

Garaɓasar da aka haɗa da shi ita ta fi jan hankali. Baƙon da ya sayi Sango na dala 60,000 ya kulle shi shekara biyar zai sami takardar zama ɗan ƙasa. Na dala 6,000 na shekara uku zai sami izinin zama ta intanet. Na dala 10,000 na shekara goma zai sami fili mai murabba'in mita 250. An kuma yi alƙawarin gina "Tsibirin Kirifto" da buɗe wa masu zuba jari ƙofar zinariya da lu'ulu'u da sauran ma'adinai. Ga mai bin tarihin yankin, wannan yana da wani amo marar daɗi. A 1899 Faransa ta yanka yankunanta na Kwango ta raba wa kamfanoni kusan arba'in, masu hannun jarinsu suna zaune a Turai suna jiran ribar roba da hauren giwa daga ƙasar da ba su taɓa takawa ba. Irin zaluncin da wani kamfani irinsu ya yi a dazukan da a yau suke kudu maso yammacin ƙasar shi marubuci André Gide ya tona a littafin tafiyarsa na 1927. Ba a ce niyyar 2022 ita ce ta 1899 ba, amma siffar cinikin, ƙasa a nan mai ita a can, ta yi kama.

A ranar 29 ga Agusta Kotun Tsarin Mulki, ƙarƙashin Farfesa Danièle Darlan, ta yanke hukuncin cewa sayar da zama ɗan ƙasa da izinin zama da fili ta wannan hanya ya saɓa wa tsarin mulki. Hujjarta ita ce zama ɗan ƙasa ba haja ba ce da ake yi wa farashi, izinin zama kuma yana buƙatar mutum ya zauna da jikinsa. A watan Satumba kotun ta sake taka wa shugaban birki a kan kwamitin da ya kafa domin sake rubuta tsarin mulki, a watan Oktoba kuma aka sauke Darlan daga kujerarta da dokar ritaya. Kasuwa ma ta yanke nata hukuncin. Zuwa ƙarshen shekarar abin da aka sayar bai kai dala miliyan 2 ba, aka kuma ɗage shigar da kuɗin kasuwannin musaya, wanda ke nufin waɗanda suka saya ba su da inda za su sayar.

Janyewa

A Maris ɗin 2023 majalisa ta gyara dokar. Aka cire wa Bitcoin matsayin halastaccen kuɗi, aka bar masa laƙabin kuɗin kirifto abin kwatance, karɓarsa kuma ta koma ganin dama. Wata guda bayan haka, a ƙarshen Afrilu, IMF ya amince da shirin lamuni na kimanin dala miliyan 191 ga ƙasar. Jerin abubuwan biyu ba ya buƙatar dogon sharhi. El Salvador ma haka ta yi a Janairun 2025, ta sassauta dokarta bayan yarjejeniyar dala biliyan 1.4 da asusun.

Gwamnatin Bangui ba ta haƙura da kirifto ba. A Yulin 2023 aka yi dokar da ta ba da damar wakiltar filaye da ma'adinai da alamun dijital domin sayarwa, a watan da aka yi ƙuri'ar raba gardamar da ta cire iyakar wa'adin shugaban ƙasa. A Fabrairun 2025 Touadéra ya sanar a shafinsa na X da wani sabon kuɗi mai suna $CAR, daga cikin nau'in da ake ƙirƙira domin yayi, ya kira shi gwaji. Darajarsa ta yi sama da ɗaruruwan miliyoyin dala cikin sa'o'i, sannan ta zube da fiye da kashi 90 cikin ɗari a 'yan kwanaki.

Shi kuwa sefa, tun dokar Bitcoin tana raye, a ranar 15 ga Disambar 2022, BEAC ya fitar da sababbin takardunsa na 500 da 1,000 da 2,000 da 5,000 da 10,000, suka shiga kasuwannin Bangui kamar yadda suka shiga na Injamena da Yawunde. A farkon 2024 wa'adin Abbas Mahamat Tolli ya ƙare, kuma bisa tsarin karɓa-karɓa na ƙasashen shida kujerar gwamna ta faɗo wa Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya. Shugabannin yankin suka naɗa ɗan ƙasar, Yvon Sana Bangui, ya jagoranci bankin.